Wasan Scrabble da Ɗalibin Hausa: Kalmomin Turanci Masu Kama da Namu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda ake tayar da jijiyar wuya a kan allon Scrabble. Wani zai ajiye kalma, wani ya ce ba Turanci ba ce, sai an buɗe ƙamus kafin a rabu. A wannan ɗan rubutu ina so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa mai nazarin Hausa yana da jari a wannan wasa wanda sau da yawa bai san yana da shi ba, amma jarin ba zai yi masa amfani ba sai ya haɗa kowace kalma da ma'anarta.

Taƙaitaccen Bayani kan Wasan

Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ne ya ƙago wasan a 1938, aka kuma yi masa rajista da sunan Scrabble a 1948. Allon yana da gida 225, wato 15 a tsaye 15 a kwance. 'Ya'yan wasan 100 ne, biyu daga ciki babu harafi a jikinsu, ana iya sa su a madadin kowane harafi. Kowane ɗan wasa yana riƙe da haruffa bakwai, idan kuwa ya zuba su duka a lokaci guda sai a ƙara masa maki 50. Harafin Q da Z kowane maki 10 ne, J da X maki 8, K maki 5, wasula kuwa maki ɗaya-ɗaya. A gasannin Nijeriya, kamar na Birtaniya, jerin kalmomin Collins ake bi. Amurka da Kanada suna da nasu jerin dabam. Duk misalan da zan kawo na Collins ne.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 2015 Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi hakan.

Rukuni na Farko: Masu Harafi Biyu

Kalmomi masu harafi biyu su ne ƙashin bayan wasan, domin da su ake jingina sabuwar kalma a jikin wadda ke kan allo. A Collins sun haura 120. Abin sha'awa shi ne da yawansu idan Bahaushe ya gani sai ya ɗauka Hausa ce. Ga misalai:

1. ZO: dabba ce a Tibet, barbarar yanyawa tsakanin saniya da wani irin sa mai yawan gashi.
2. ZA: gajeren sunan abincin nan fiza.
3. KO: sandar haƙar ƙasa ta al'ummar Mawori ta ƙasar Niyuzilan.
4. DA: wata irin adda ta ƙasar Bama.
5. KA da BA: sunayen kurwa a addinin Misirawan dauri.
6. MU: harafi na 12 a abajadin Girkanci.
7. JA: "i", wato amsawa, kamar a Jamusanci.
8. TA: "na gode" a bakin mutanen Ingila.
9. KI: ƙarfin rai a falsafar Sinawa, ana kuma rubuta ta QI.

Dubi amfaninsu. Idan aka ɗora Z a gidan da ke ninka harafi sau uku, ta ba da ZO a kwance da ZA a tsaye, an sami 31 sau biyu, wato maki 62 ke nan.

Sai dai a yi hattara, ba duk ɗan ja ne goro ba. SU, KU, NI, CI, YI, WA da GA duk Hausa ce tsantsa, amma babu ko ɗaya a Collins. Wanda ya dogara da kunnensa na Hausa kawai zai ajiye su, a ƙalubalance shi, ya kwashe haruffansa ya kuma yi asarar zagayensa.

Rukuni na Biyu: Kama da Wane Ba Ta Wane

Akwai kuma dogayen kalmomi irin waɗannan. RANI a Turanci sarauniya ce a Indiya, babu ruwanta da lokacin zafi. MASA ƙullun garin masara ne na mutanen Meziko. KAI abinci ne a bakin Mawori. ZOBO wani suna ne na dabbar nan ZO, ba zoɓon da muke sha ba. Wadda ta fi burge ni ita ce ALKALI. Ba mai shari'a ba ne, sinadari ne dangin kanwa, asalinsa kalmar Larabci mai nufin toka. Wannan ma darasi ne gare mu game da ƙa'idar rubutu: lanƙwasar da ke kan "ƙ" ita ce ta raba alƙali da kanwa.

Rukuni na Uku: Aro daga Larabci

A nan ne ɗalibin Hausa ya fi kowa morewa. Babbar matsalar harafin Q ita ce a yawancin kalmomin Turanci sai da U yake tafiya, alhali U huɗu ne kacal a cikin jaka. Mafita ita ce kalmomin da Turanci ya aro daga Larabci, mu kuwa mun riga mun san su a darasin kalmomin aro. QADI shi ne alƙali, QIBLA ita ce alƙibla. Bambancin kawai shi ne Hausa ta aro su tare da "al" ta Larabci, Turanci kuwa ya yar da ita a nan, ko da yake ya riƙe ta a ALGEBRA da ALCOHOL. Haka nan NIQAB niƙabi ne, FAQIR faƙiri ne, TALAQ sakin aure ne, SUQ kuma kasuwa. Ban da masu Q, akwai ZAKAT, IMAM, HALAL da HAJ. Ita HAJJ tana da J biyu, J kuwa ɗaya ne a wasan, don haka sai da taimakon ɗan wasa mara harafi. Daga gida kuma, NAIRA, KOBO da MALLAM duk karɓaɓɓu ne.

Me Ya Sa Sai an San Ma'ana?

Wani zai ce ai alƙalin gasa ba ya tambayar ma'ana. Gaskiya ne. Nigel Richards ɗan Niyuzilan ya ci gasar duniya ta Scrabble ta Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, hadda kawai ya yi. To amma ina da dalilai uku da suka sa nake ganin hanyarsa ba tamu ba ce.

Na farko, ma'ana ce ke gaya maka ɗafin da kalma ke karɓa. Da ka san ZO suna ne, ka san za ka iya ƙara S ka sami ZOS, haka KOS, MUS da QADIS. XU kuwa ƙaramin kuɗin Biyetnam ne wanda jam'insa ba ya canjawa, saboda haka XUS kuskure ne.

Na biyu, akwai wasannin da ba a motsawa a cikinsu sai da ma'ana. Wasan cike gurbin kalmomi na jaridu, wanda Arthur Wynne ya fara bugawa a wata jaridar birnin Niyok a 1913, bayanin kalma yake ba ka, kai kuma ka nemo ta. Mai hadda zalla a nan zai tsaya cik.

Na uku, ni da na koyi Hausa a matsayin harshe na biyu na lura cewa kalmar da ta zo da labarinta ita ce ke zama a ka. Da wuya wanda ya ji labarin alƙali da kanwa ya manta ALKALI.

Kammalawa

Shawarata ita ce kowa ya tanadi ƙaramin littafi ya raba shafinsa gida uku: kalmar Turanci, ma'anarta, sai kalmar Hausa da ta yi kama da ita. A fara da masu harafi biyu, biyar a rana, cikin wata guda an gama su. Daga nan a koma kan masu Q mara U. Kafin a soma wasa kuma a yi yarjejeniya kan ƙamus ɗin da za a bi, domin ZO, KO da JA da Collins ya karɓa ba sa cikin jerin Amurka. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu sa'a a wasa da kuma jarrabawa.