Duwatsu, Daji da Fadama: Labarin Ƙasarmu ta Moriki da Maƙwabtanta

A darasin labarin ƙasa muna haddace sunayen manyan duwatsun duniya, mu faɗi inda kogin Nilu ya taso da inda ya faɗa teku, har ma mu zana taswirar ƙasar Sin mu nuna lardunan da manoma ke sassaƙe jikin tsauni hawa-hawa suna shuka shinkafa. Wannan duka ilmi ne mai amfani. Amma in aka tsayar da ɗalibi a cikinmu aka ce ya faɗi inda ruwan gulbin Gagare yake zuwa, ko kuwa dalilin da ya sa jirgin ƙasa ya tsaya a Ƙaura bai wuce ba, sai ka ga ya hau sosa ƙeya. Abin da ya sa ke nan na ga ya kamata in ɗan rubuta abin da na tattara game da wannan yanki namu, domin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla.

Yankin da nake nufi shi ne arewacin Jihar Zamfara, watau ƙananan hukumomin Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi. Garinmu Moriki yana cikin ƙaramar hukumar Zurmi, a kan hanyar da ta tashi daga Ƙaura ta nufi Shinkafi. Ƙaura tana kudu da mu, Shinkafi tana arewa, Zurmi kuwa tana wajen gabas. In ka zarce gabas daga Zurmi sai ka faɗa Jibiya ta Jihar Katsina, in ka zarce arewa daga Shinkafi sai Isa ta Jihar Sakkwato, ga kuma iyakar Jamhuriyar Nijar ba nisa. Bisa ƙidayar 2006, Zurmi tana da mutane kusan 294,000, Ƙaura kimanin 281,000, Shinkafi kuwa kimanin 136,000. Ba shakka yanzu an wuce haka da yawa.

Baƙon da ya ratso ta cikin mota zai ce ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba gangare. Bai duba da kyau ba. Ƙasar iri uku ce. Ta gabas da kudu tana zaune ne bisa tsohon dutse mai tauri, wanda a wurare da dama ya ɓullo sama ya zama tsaunuka da falale, wasu a ware, wasu a cunkushe kamar an zuba su da gangan. A gindin irin waɗannan duwatsu ƙasa ba ta da zurfi, garma takan yi karo da tsakuwa, haƙa rijiya kuma sai mai haƙuri. Iri na biyu shi ne jigawa, ƙasa mai rairayi wadda ta fi yawa in aka nufi arewa, ita ce uwar gero da wake da gyaɗa. Iri na uku, wanda ya fi kowanne daraja ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne fadama, baƙar laka da ke kwance a gefen gulabe.

Gulaben nan manya guda biyu ne, Gagare da Bunsuru. Gagare ya bi ta gefen Ƙaura ya miƙe arewa, Bunsuru kuwa ya taso daga ƙasar Katsina ya bi ta Zurmi. Can arewa suke haɗuwa, ruwansu ya zama gulbin Rima, ya karɓi gulbin Maraɗi, ya shiga madatsar ruwa ta Goronyo wadda aka gama a 1984, ya wuce ta Sakkwato da ƙasar Kabi har ya faɗa kogin Kwara. Ashe ke nan ruwan da ya wanke gonar mutumin Moriki a watan Agusta yana iya ƙarewa a teku, can kudancin Nijeriya. Da damina gulaben sukan cika su tumbatsa, su raba ƙauye da kasuwa kwana da kwanaki. Da rani kuwa sai rairayi fari fat, yara na wasa a tsakiyarsa, amma in ka tona kamu biyu ko uku sai ka tarar da ruwa. Ruwan saman da muke samu a shekara galibi bai kai milimita 1,000 ba, kuma kusan duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Saboda haka wata takwas na shekara rayuwar mutum da ta dabba ta dogara ne ga wannan ruwa da ke ɓoye ƙarƙashin rairayi.

To, tarihinmu ma daga dutse ya fara. Labarin da aka gada daga kakanni ya ce mazaunin farko na Zamfarawa shi ne garin Dutsi, wanda ke cikin ƙasar Zurmi, kuma sarkinsu na farko sunansa Dakka. Har yanzu ana labarin wasu dogayen kaburbura a can da ake cewa na sarakunan farko ne, wai ƙattai ne. Ko mutum ya yarda da zancen ƙattan ko bai yarda ba, dalilin zaɓen wurin a fili yake. A zamanin da ba bindiga sai kibiya da mashi da doki, wanda ya jingina bayansa da dutse ya huta da rabin tsaro, domin doki ba ya hawan falale. Da mulki ya yi ƙarfi sai aka sauko daga dutse aka bi ruwa, aka gina Birnin Zamfara kusa da inda Isa take a yau, a ƙasa mai albarkar fadama.

Albarkar nan ita ta jawo baƙi. Gobirawa suka gangaro daga arewa suka nemi wurin zama, Sarkin Zamfara ya ba su, wurin da ya zama Alƙalawa. Ba a daɗe ba baƙo ya fi mai gida ƙarfi. Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, gidan sarautar ya watse, ya yi ta ƙaura, ya zauna Kiyawa da Banga, waɗanda duka a wannan yanki namu suke, kafin daga bisani ya tabbata a Anka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, kuma Fulani Alibawa na wannan yanki suna cikin waɗanda suka amsa kiransa. Daga cikinsu ne aka sami jarumi Namoda, ɗaya daga cikin shugabannin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa. Sarautun da muke ji a yau duk sawun wannan tarihi ne: Sarkin Zamfaran Zurmi, Sarkin Kiyawan Ƙaura, da namu Sarkin Burmin Moriki, wanda ya yi tarayyar suna da Sarkin Burmin Bakura.

Wani abu da ya ba ni sha'awa shi ne, a ƙarni na 19 babbar hanyar fatake daga Kano da Katsina zuwa Sakkwato ta ƙasarmu ta bi. Baturen Ingila Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bajamushe Barth ya biyo sawunsa a 1853, ya bi ta Zurmi da Dutsi da Badarawa ta ƙasar Shinkafi, ya kuwa rubuta yadda ya ga gidajen Dutsi a tsakankanin duwatsu, da yadda ya sami kasuwar Badarawa cike da auduga da albasa. Yau shekara fiye da 170 ke nan, albasar tana nan ba ta bar mu ba.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, amma abin da ya juya tattalin arzikin yankin shi ne isowar jirgin ƙasa. An shimfiɗo dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura a 1929, nan ya tsaya. Ba don fasinja aka yi shi ba, an yi shi ne don ya kwashe gyaɗa da auduga da fata da ƙirgi zuwa bakin teku. Tun da Ƙaura ce ƙarshen dogo, sai kayan Shinkafi da Isa da Zurmi, har da na ƙetaren iyaka, suka riƙa taruwa a can, a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da sikeli, mutanen kudu suka zo aikin reluwe da ciniki, 'yan baranda da 'yan dako suka sami abin yi. Tsofaffinmu suna ba da labarin lokacin da manomi kan sayar da gyaɗa da kaka ya biya haraji, ya ɗinka wa iyali tufafi, ya yi wa ɗa aure, in an buɗe fuloti kuma kuɗin auduga ya sayi keke ko rediyo. Sai dai a lura, farashin ba manomi ke yanka shi ba, hukumar ciniki ce ke yankawa, shi nasa kai kaya ne kawai.

Wannan zamani ya wuce cikin 'yan shekaru kaɗan. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Jirgin ya yi ta ja da baya har tashar ta yi tsit. Abin da Ƙaura ta samu a madadinsa shi ne babbar makarantar koyon sana'a ta Gwamnatin Tarayya da aka kafa a 1983, sa'an nan a 1996 aka yanke Zamfara daga Sakkwato ta zama jiha mai hedkwata a Gusau.

Manomanmu dai ba su zauna ba. Da damina a noma gero da dawa da wake a tudu, shinkafa a fadama. Ruwa na ɗaukewa a koma gefen gulbi a yi albasa da tumatir da tattasai da rake da dankali da taba. Inda kakanninmu suka ja ruwa da jigo, yanzu ƙaramin injin ban-ruwa ne ke ƙugi. Ga kiwon shanu da tumaki da jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Duk wannan kaya yana haɗuwa a kasuwannin mako, babbarsu ita ce ta Shinkafi da ke ci ran Alhamis, inda ake zuwa daga Nijar da kudancin Nijeriya a loda shanu da hatsi da albasa.

Na bar zancen daji sai yanzu da gangan, domin shi ne inda ciwon yake. A gabashin Zurmi akwai babban daji wanda ya haɗe da dajin Rugu na Katsina. Hukuma ta keɓe shi tun zamanin Turawa, daga baya aka mai da shi makiyaya, aka bar wasu 'yan garuruwa na manoma a cikinsa, irin su Dumburum da Shamushalle. Tsarin da aka gada mai kyau ne ƙwarai. Da damina shanu su shige daji su bar gonaki, da kaka su fito ta burtali su ci karmami da harawa, su bar wa manomi taki, da rani su sauka gulbi. Bafillatana ta kawo nono ta koma da hatsi. Kowa na bukatar kowa. Amma jama'a ta ƙaru, gona ta ci burtali, ta ci mashaya, ta shiga cikin makiyaya, wani lokaci da sa hannun waɗanda aka ba amanar tsare ta. Aka yi ta sarar marke da ƙirya ana gawayi. Shari'ar ɓarna tsakanin manomi da makiyayi ta zama hanyar cin kuɗi, satar shanu ta yawaita, aka kafa 'yan sa-kai, aka shiga ramuwar gayya, makamai kuma suka shigo ta iyaka. Daga wajen 2011 abin ya zama ta'addancin da muke ciki.

Dajin da duwatsun da suka ɓoye kakanninmu daga mahara, su ne yau maɓoyar mahara. Ba sai na ba mai karatu labarin abin da ya sani ba. Zan dai nuna abin da ya shafi tattalin arziki. Gonar da ta fi yalwa ita ce ta nesa da gari, ita ce kuma aka fara bari. A ƙauyuka da yawa sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi, garinmu ma an aza masa harajin miliyoyin naira a 2024, jaridu duk sun buga. Shanun huɗa sun tafi, saboda haka wanda ke noma kadada biyar ya koma abin da hannunsa zai iya. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar shanu, ta katse wayar salula, ta rufe makarantu, don a toshe wa ɓarayi hanyar samun kaya. An janye waɗannan matakai daga baya, amma a 'yan watannin nan kowa ya gane cewa albasa ba ta jiran a buɗe hanya, ruɓewa take yi a buhu, kuma mai akuya biyu da ba shi da inda zai sayar da ɗaya ba shi da kuɗin magani.

A ganina, ko gobe aka wayi gari ƙurar nan ta lafa, in ba a koma an fitar da burtali da mashaya da iyakar makiyaya ba, an bar tushen rigimar a ƙasa. Ga shi kuwa yawancin waɗannan iyakoki ba a takarda suke ba, a kan tsofaffi suke, su ne suka san cewa daga kukar nan zuwa waccan tsamiya hanyar shanu ce. Saboda haka ina ba ƙungiyar labarin ƙasa ta makarantarmu shawara, a hutun da ke tafe kowane ɗalibi ya zauna da kakansa ko wani dattijo na unguwarsu, manomi ne ko makiyayi, ya rubuto sunayen ƙoramu da tafkuna da duwatsu da burtalolin ƙauyensu, da inda kowanne ya fara da inda ya ƙare. In an dawo sai mu haɗa su a babbar takarda guda, mu roƙi malaminmu ya duba mana ma'auni, mu kafa ta a bangon ɗakin karatu kusa da taswirar duniya.