Ƙwaƙwalwa da Magana

Harshe da leɓɓa su ke motsi in muna magana, amma su 'yan aike ne kawai. Maigidansu yana cikin kai, shi ne ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, dama da hagu. Ɓarin hagu shi ke juya hannun dama da ƙafar dama. Ga yawancin mutane kuma, a ɓarin hagu ne magana ta ke zaune.

Ƙaƙa aka san haka? A birnin Paris, ƙasar Faransa, an yi wani majiyyaci wanda ya shekara 21 ba ya iya faɗin kome sai "tan, tan". Amma in an yi masa magana yana ganewa. Da ya rasu cikin shekarar 1861, sai wani likita, Paul Broca, ya duba ƙwaƙwalwarsa. Ya tarar wani wuri ya lalace daga gaba, a ɓarin hagu. Cikin 1874 kuma wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya gano wani wurin daga baya, kusa da kunnen hagu. Wanda wurin nan nasa ya taɓu, magana ta kan yi ta zuba daga bakinsa ba kai ba gindi, ba ya kuwa gane ta mutane sosai.

Abu uku su ne suka fi taɓa wuraren nan:

1. Rauni a ka, kamar mutum ya faɗo daga babur ko bishiya, ko a buge shi da sanda.

2. Shanyewar ɓarin jiki. Jijiyar jini ce ke toshewa ko fashewa cikin ƙwaƙwalwa. Hawan jini shi ne babban dalilinta. Farat ɗaya ta ke zuwa.

3. Ƙari, wato tsiro cikin ƙwaƙwalwa. Shi sannu a hankali ya ke zuwa, wani lokaci da ciwon kai mai ƙaruwa, ko amai, ko farfaɗiya.

To, jama'a, ku lura. In maganar mutum ta ɗauke ko ta rikice, ko bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya mutu, kada ku ce hauka ne, kada ku ɗaure shi. Kada ku jira gari ya waye. Ku kai shi asibiti nan da nan, gama akwai maganin da ba ya aiki sai cikin sa'o'in farko. Kada ku ba shi ruwa ko fura, don kada ya shaƙe. Haka kuma wanda ya bugu a ka, in yana amai, ko barci ya rinjaye shi, ko jini na fita daga kunnensa. A manyan asibitoci akwai na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a ga inda cutar ta ke.

In ya komo gida, ku tuna shi ne dai mutumin da kuka sani. Kalmomi ne suka ɓace masa, wani har da karatu da rubutu. Kada ku yi masa tsawa, ba kurma ba ne. Ku yi masa gajeruwar magana, mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Ku ba shi lokaci ya amsa, ko da kai, ko da nuni. Ku riƙa zama da shi kuna hira kullum. Da yawa su kan sami sauƙi, musamman cikin watannin farko.

Rigakafi ya fi magani. Mai hawa babur ya sa hular kwano. Manya kuma su riƙa zuwa awon jini.

Tambayoyi

1. A wane ɓarin ƙwaƙwalwa magana ta ke zaune?

2. Me Paul Broca ya gano cikin 1861?

3. Don me ba a ba wanda maganarsa ta ɗauke ruwa?