Darasin Wannan Wata: Aikin Sa Kai da Riƙon Marayu

Darasinmu na wannan wata a kan marayu ne. A karanta a hankali, sannan a karanta wa waɗanda ba su fara zuwa aji ba.

Mene ne aikin sa kai?

Aikin sa kai shi ne mutum ya ba da ƙarfinsa ko iliminsa don taimakon jama'a, ba don neman riba ba. Mu a karkara mun san shi tun kaka da kakanni. Gayya aikin sa kai ce. Yashe magudanar ruwa da gyaran maƙabarta ma haka ne.

Akwai masu barin ƙasarsu su je wata ƙasa don wannan aiki. A Ingila an kafa ƙungiyar VSO a 1958. A Amurka an kafa Peace Corps a 1961, kuma samarinta sun koyar a makarantun Nijeriya. Ita ma Nijeriya ta kafa nata shirin a 1987. Tana aika malamai da likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen Afirka da wasu tsibirai, su yi shekara biyu.

Baƙi a gidajen marayu

Daga baya wata al'ada ta yaɗu. Matasa daga ƙasashen Turai sukan biya kuɗi su je gidajen marayu a Afirka da Asiya. Sukan yi mako biyu ko wata guda suna wasa da yara, sannan su koma gida. Niyyarsu mai kyau ce. Amma masana sun gano illa uku.

Ta farko, yaro yana sabawa da baƙo, sai baƙon ya tafi. Wani ya zo, shi ma ya tafi. Yaron da ya riga ya rasa uwa ko uba, sai rabuwa ta yi ta maimaituwa a kansa.

Ta biyu, bincike a ƙasashe da yawa ya nuna cewa mafi yawan yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su.

Ta uku, wasu marasa tsoron Allah sun mai da abin kasuwanci. Sukan yaudari iyaye matalauta su karɓi 'ya'yansu, don baƙi su gani su ba da kuɗi.

A ƙasar Romaniya an fara wani bincike a shekarar 2000 a kan yara 136 da ke gidajen marayu. An mai da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka riƙa a gida sun fi sauran girman jiki da kaifin hankali, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara biyu. A watan Disamba 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe su fifita renon yara cikin iyali.

Wannan ba ya nufin gidan marayu ba shi da amfani. A birnin Kano akwai Gidan Yara na Nasarawa, wanda gwamnatin jiha ke kula da shi. Yana karɓar jariran da aka tsinta da yaran da ba a san danginsu ba. Amma yaron da ke da dangi, gida ya fi masa.

Riƙo gadonmu ne

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Idan uba ya rasu, baffa ko kawu ko goggo ke ɗaukar yaro. Annabi Muhammadu (SAW) ya tashi maraya. Kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, bayansa kuma baffansa Abu Ɗalibi. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nisa'i, ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu.

Gonar maraya a Kadawa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ana noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa, rani da damina. Saboda haka gona a wannan yanki dukiya ce babba. Idan mai ita ya rasu ya bar ƙananan yara, masu kwaɗayi sukan zo da maganar saye ko jingina. Uwar yara tana cikin takaba, ga kuɗin ruwa, ga kuɗin taki. Idan ba a tsaya mata ba, gonar ta tafi. Idan gona ta tafi, abincin yara da karatunsu sun tafi.

Ga abin da za mu iya yi:

1. A kira gayya a gonar marayu lokacin dashe da lokacin girbi.

2. Wanda aka ba amanar gonar ya sami littafi. Ya rubuta kuɗin iri da na taki da na ruwa. Ya rubuta yawan buhu ko kwandon da aka samu, da nawa aka sayar. Mutum biyu su sa hannu a matsayin shaidu. Ga amfanin karatun da muke yi.

3. Kada a sayar ko a jinginar da gonar maraya a ɓoye. A sanar da mai unguwa da liman. Idan an sami gardama, a je gaban alƙali.

4. A sa maraya a makarantar allo da ta boko, kamar 'ya'yan gida. Kada ya zama shi kaɗai ne mai korar tsuntsu a gonar shinkafa. Kada yarinya marainiya ta zama ita kaɗai ce mai talla.

5. A kai shi rigakafi, a karɓar masa takardar haihuwa. A hana shi wanka a magudanar ruwa, domin a nan ake ɗaukar tsargiya. Idan an ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti. Akwai magani.

6. Idan ya balaga ya yi hankali, a miƙa masa gonarsa da littafin lissafinta a gaban shaidu.

Mai son taimakon maraya ba sai ya hau jirgin sama ba. Maraya yana bayan katangarka. Abin da yake bukata shi ne mutumin da zai gani yau, ya gani gobe, ya gani baɗi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin sa kai? Kawo misali biyu daga ƙauyenku.
2. Faɗi illa biyu da zuwan baƙi na ɗan lokaci ke yi wa yara a gidan marayu.
3. Waɗanne abubuwa ne mai riƙon gonar maraya zai rubuta a littafi?

Aikin aji

Ku ƙidaya gidajen da ke riƙon marayu a unguwarku. Ku tsai da ranar gayya tare da malaminku.