Kafin a Sallame Shi, Ku San Gidan da Zai Koma

'Ya'yana ɗaliban aikin lafiya, akwai ɓangaren aikinku da ba a cika yabon kowa a kansa ba, shi ne kula da mutum bayan an ceto ransa, shi kuwa jiki bai dawo yadda yake ba.

Ku ɗauki tela magidanci wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. An kwantar da shi, jini ya sauka, an rubuta sallama. A takarda dai ya samu sauƙi. A gida kuwa masai na tsuguno ne, zaure da dokin ƙofa, hannun da ya saba ɗaukar buta ba ya motsi, keken ɗinkin da yake ci da iyali da shi yana lulluɓe. Shi ya sa tsarin duba naƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001 bai tsaya ga gaɓar da ta samu matsala ba. Yana duban abin da mutum ke iya yi wa kansa, da yadda yake shiga cikin jama'a, da irin muhallin da ke sauƙaƙa masa ko ya tauye shi. Mutum biyu ciwonsu ɗaya, wannan yana kasuwa, wancan ya shekara bai leƙa waje ba, sau da yawa matakala ce kawai ta raba su.

Kada ku jira sai an tura shi sashen gashi. Tun yana gado ake farawa. A riƙa juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, a motsa masa gaɓoɓi a hankali kada su sanƙare. Ku hana 'yan jinya ɗago shi ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar ba ta da ƙarfin riƙe kanta. Kafin uwargida ta ɗura masa koko don tausayi, a fara gwada haɗiyarsa, kada ya sarƙe abin ya gangara huhu. Ku koya wa iyalinsa duk wannan da hannunsu, tun da su za su kwana da shi, ba ku ba. Ku kuma lallashe su su bar shi ya yi abin da zai iya ko da zai ɗauki lokaci; yawan hidima ma yana kwantar da mutum.

Sai ladabi, wanda na ga yara masu ƙwazo ma suna tuntuɓe a kansa. Idan makaho ya shigo, da shi za ku yi magana, ba da ɗan jagora ba. Kada ku tura keken mutum ba tare da izninsa ba. Ku tambaye shi, "Baba, me ka fi so ka koma yi?" Wataƙila ku tafiya kuke hange, shi kuwa burinsa ya iya alwala ba tare da 'yarsa ta riƙe shi ba. Da burinsa za a tsara aikin.

Masu naƙasa kuma ba 'yan tsiraru ba ne. Ƙiyasin hukumar na 2022 ya kai mutum biliyan 1.3, wato kusan ɗaya cikin shida a duniya. Nijeriya ta samu dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Ku duba da idonku ko an gyara. A 2020 an tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan-inna daga Afirka, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, wasunsu a Kano su ne ma ke waldar kekunan da 'yan'uwansu ke hawa. Irin waɗannan, shawara za ku nema a wurinsu.

Don haka, a zagayen gobe, kafin a miƙa wa majinyaci takardar sallama, ku ja kujera ku tambaye shi irin masan gidansu, da wanda zai taimaka masa ya tashi da asuba.