Hoton Zuciya Na Nukiliya Da Mas'alar Goro

Galibin waɗanda ake turo mana ɗakin hoton nukiliya mutane ne da ƙirji ke ɗaure musu in sun hau tudu ko sun yi sauri, alhali kuwa an auna bugun zuciyarsu suna kwance, an ce ba a ga illa ba. Sababin haka shi ne, jijiyoyin da ke shayar da naman zuciya, ko da kitse ya ƙuntata su, sukan biya bukata muddin mutum yana hutawa, aibinsu ba ya bayyana sai an ɗora wa zuciya aiki, kamar rijiyar da ba a sanin ƙarancin ruwanta sai masu ɗiba sun yawaita.

Saboda haka ne muke ɗaukar hoto sau biyu, ɗaya bayan wahalar tafiya bisa injin motsa jiki, ɗaya a halin hutu. Mukan yi allurar sinadarin teknishiyom-99m, wanda rabin ƙarfinsa ke gushewa cikin awa 6, ya bi jini ya sauka a naman zuciya gwargwadon abin da kowane sashe ya samu, sa'an nan na'urar da Hal Anger ya ƙago a Amurka a 1957 ta kewaya ƙirji tana karɓar haskensa. Sashen da ya dushe bayan wahala, ya kuma cika a hutu, nama ne mai rai wanda jini bai wadace shi ba, ana iya cetonsa da magani, ko buɗe jijiya, ko tiyata. Wanda ya dushe a hali biyun kuwa, a mafi rinjaye tabo ne na toshewar da ta riga ta auku. A ganina fa'idar aikin duka tana cikin wannan rarrabewa, domin a kanta likita ke gina hukunci.

Saura goro. Wanda ba ya iya tafiya bisa injin motsa jiki, saboda tsufa ko ciwon gwiwa, mukan ba shi adenosin ya buɗe jijiyoyin. To, sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi yakan tare wannan magani, har hoto ya fito kamar na mai lafiya, alhali cuta na nan kwance.

Don Allah, wanda aka sa wa ranar wannan hoto ya ƙaurace wa ukun nan awa 24 kafin ya zo, mai asma da mai juna biyu kuma su faɗa mana tun kafin allura.