DARASI: LISSAFIN ƘAURA KAFIN A ƊAURE KAYA

Gozaki tsohon gari ne a ƙaramar hukumar Ƙafur, a kudancin jihar Katsina. Ƙasar tana ba da masara da dawa da auduga da waken soya, kamar sauran yankin Funtuwa da Malumfashi. Amma jama'a sun yi yawa, gonakin gado kuma suna tsukewa duk lokacin da aka raba su. Saboda haka wasu magidanta kan kwashe iyali su tafi neman ƙasar noma a nesa. Darasin wannan wata yana bayani ne a kan lissafin da ya kamata a yi kafin irin wannan tafiya.

Kuskuren da aka fi yi

Da yawa sukan ɗauka kuɗin mota shi ne kuɗin ƙaura. Da zarar sun haɗa na mota sai su ɗaure kaya. Bayan wata biyu hatsi ya ƙare, gona ba ta nuna ba, babu dangi kusa. Daga nan sai bashi, sai sayar da sa, wani ma har ya aiko a sayar masa da gonarsa ta gida. Lissafin ƙaura yana farawa ne daga ranar tashi, ba ya ƙarewa sai ranar da aka ci sabon hatsi a sabon wuri.

Mataki na ɗaya: a je a gani

Gani ya kori ji. Magidanci ya fara zuwa shi kaɗai. Ya ga gonar da ɗakin da za a zauna. Ya tambayi nisan ruwan sha da asibiti da makaranta da kasuwa. Ya gai da mai unguwa, ya bincika ko akwai zaman lafiya a wurin. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma. Don haka duk gonar da za a karɓa, haya ko aro ko saye, a rubuta takarda a gaban shaidu da shugabannin wurin.

Mataki na biyu: a zaɓi lokaci

A ɗauka wani magidanci zai tashi daga Gozaki zuwa ƙasar Lafiya ta jihar Nasarawa, inda ake noma doya da riɗi da rogo. Hanya za ta bi da shi ta Zariya da Kaduna da Keffi da Akwanga. Tafiya ce ta yini guda a babbar mota. A can damina tana rigan ta Katsina sauka, domin tun cikin watan Afrilu ake samun ruwa. Ke nan ya kamata ya isa a watan Maris don ya yi sharar gona. Wanda ya jira lokacin shukar Gozaki ya makara.

Mataki na uku: a auna abinci

Bayan an fitar da zakka, an biya bashin taki da zubin adashi, abin da ya rage a rumbu shi ne na magidanci. A ɗauka gidansa mutum 8 ne, suna cin tiya 2 kullum. Idan buhu yana ɗaukar tiya 40, to buhu ɗaya zai yi musu kwana 20. Wata ɗaya buhu ɗaya da rabi ke nan. Daga Maris zuwa ƙarshen Agusta wata 6 ne. Buhu ɗaya da rabi sau 6 ya ba da buhu 9.

Waɗannan buhuna 9 ba na sayarwa ba ne. Hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada a tsakiyar damina. Wanda ya sayar da abincinsa da arha a kasuwar Funtuwa zai sake sayensa da tsada a baƙon wuri.

Mataki na huɗu: a rubuta kuɗi

A samu littafi a ja layi biyu, ɗaya na buƙata, ɗaya na kuɗinta. Ga misali. Waɗannan kuɗaɗe don koyon lissafi ne kawai. Kowa ya tambayi farashin da ake ciki ya sa nasa.

Hayar mota: N280,000
Lodi da sauke kaya: N20,000
Guzuri da abin da hanya za ta ci: N30,000
Hayar ɗaki ta shekara: N120,000
Hayar gona: N100,000
Iri da taki da ƙwadago: N200,000
Cefane da sabulu da niƙa na wata 6: N150,000
Jimla: N900,000

A kan wannan jimla a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda ciwo ko lalacewar mota ko haihuwa. Wato N90,000. Duka ya kama N990,000. A lura, kuɗin mota bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake buƙata ba.

Kuɗin mota kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri ya tashi a ko'ina cikin ƙasa. Don haka a tambayi direbobi biyu ko uku a tasha. A yi ciniki a gaban shugabannin tasha. A ba da rabi a farko, sauran sai an sauke kaya. Idan gida biyu za su wuri ɗaya, su haɗa mota su raba kuɗin.

Mataki na biyar: me za a ɗauka, me za a bari?

A ɗauki hatsi da iri da fartanya da garma da tukwane da shimfiɗa. Kaya masu nauyi da za a samu da sauƙi a can, a sayar da su ko a bar wa dangi. A yi shawara da uwargida, domin ita ta san abin da gida ke ci da abin da ba a iya rabuwa da shi. Kada a manta da katin rigakafin yara da takardar canjin makaranta daga wurin hedimasta.

Kada a riƙe kuɗi duka a aljihu a kan hanya. A ajiye mafi yawa a banki, a riƙe na guzuri. Amma kada a tafi hannu sake, domin ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya nuna ana iya samun kuɗi a banki a kasa cire su.

Abu mafi muhimmanci shi ne gonar gida. Kada a sayar da ita don a biya mota. A ba ɗan'uwa aro ko haya a gaban dagaci, har a yi damina biyu a ga yadda sabon wuri zai karɓi mutum. Idan abin bai yi ba, akwai wurin komawa.

Idan lissafi ya nuna kuɗi bai kai ba, babu kunya a ɗaga tafiya zuwa wata kakar. Ko kuma magidanci ya je ya yi damina ɗaya shi kaɗai, sannan ya dawo ya kwashi iyali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. Daga wace rana zuwa wace rana ake lissafin ƙaura?
2. Gida yana cin tiya 3 kullum. Kwana nawa buhu 3 za su yi masa?
3. Nawa ne kashi ɗaya cikin goma na N600,000?
4. Me ya sa ba a so a sayar da gonar gida?
5. Kowane ɗalibi ya rubuta abin da gidansa ke ci a wata ɗaya, ya kawo wa malamin aji.