Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Zaɓa Mana Abin Da Muke Gani A Waya?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da tambaya: shin da gaske ne ƙirƙirarriyar basira na juya ra'ayin jama'a?

To malam, da gaske ne. A Facebook da TikTok da YouTube, na'ura ce ke zaɓar abin da zai fara bayyana a wayarka. Tana lura da bidiyon da ka tsaya kallo, da wanda ka wuce, da wanda ka tura wa abokai, sai ta ƙaro maka irinsa. Kai da maƙwabcinka kuna zaune a majalisa ɗaya, amma labarin da kowa ke gani daban ne, har kowannenku ya ɗauka duk gari ra'ayinsa ake bi. Wannan shi ya fi damuna.

Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa wani sauyi da kamfanin ya yi wa wannan na'ura tasa a 2018 ya ƙara ɗaga rubuce-rubuce masu tunzura mutane, domin su ne aka fi tofa albarkacin baki a kansu. A 2018 ɗin kuma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce Facebook ya taimaka wajen yaɗa ƙiyayya ga Musulmin Rohingya a Myanmar.

Yanzu ga wata sabuwa: na'ura na iya kwaikwayon muryar malami ko ɗan siyasa, a ji shi yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Irin wannan murya ta WhatsApp take yawo, daga hannu zuwa hannu, duk da cewa tun 2019 kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda.